Yaushe ya dace a fara ɗaukar jariri a keke, kuma da wane keke yaro zai fara koyo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin makaranta ne, keke ne abin hawana, da shi nake zuwa aiki da kasuwa. Yarana biyu, namiji ɗan shekara biyu da rabi, da ƙanwarsa 'yar wata bakwai. Da zarar yaron ya ga na fito da keke sai kuka, sai na ɗauke shi, to nakan ɗora shi a kariya ya riƙe rigata, wani lokacin kuma a ƙarfen gaba. Ranar Juma'a idan za mu gaida surukaina, maiɗakina kan goya jaririyar ta zauna a baya, yaron yana gaba. Wani abokina ya ce ganganci nake yi, mahaifiyata kuma ta ce haka aka ɗauke mu dukkanmu ba abin da ya same mu. Ina gaskiya take? Sannan ina son in saya wa yaron ƙaramin keke, wane iri ya dace da shi? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya mana su. Yaranka biyu amsarsu ba ɗaya ba ce, don haka zan fara da ƙaramar, wadda maganarta ta fi gaggawa.

Jaririya 'yar wata bakwai ba ta isa hawa keke ba, ko a goye ko a rungume. Shawarata a dakata har ta cika shekara guda. Dalilin yana wuyanta. Lokacin haihuwa kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, alhali a babban mutum kashi ɗaya ne cikin takwas. Wannan babban kai yana zaune ne a kan wuyan da namansa bai gama ƙwari ba. Gaskiya ne yawancin jarirai suna tsai da kai tun wajen wata huɗu, amma tsai da kai a cinyar uwa daban, tsai da shi a kan burji mai gargada, ana taka birki ana faɗawa rami, daban. Ga kuma maɗiga, wadda ba ta rufewa sai tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi. Abin da zai kare kan shi ne hular kwano, ita kuma hular nauyi ce a kan wuyan da da ƙyar yake ɗaukar nasa kan. Saboda haka ne Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce kada a ɗauki yaron da bai kai wata 12 ba a keke, kuma ta hana ɗaukar jariri a goye yayin tuƙi.

A ƙasar Holan, inda keke ya zama kamar ƙafa ga kowa, iyaye da yawa suna farawa tun wajen wata tara, da zarar yaro ya iya zama shi kaɗai. Sai dai su kekuna suna da hanyarsu daban da ta motoci, mai santsi, kuma dokarsu ta wajabta wa duk yaron da bai kai shekara takwas ba mazauni mai tokare baya da wurin riƙewa da wurin ajiye ƙafa. Mu da muke raba kwalta ɗaya da tirela da 'yan acaɓa, ban ga dalilin da za mu rage ko da wata guda daga shekarar ba.

Ko bayan shekarar, a dubi yarinyar, kada a tsaya ga lissafin watanni kawai. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda ya haɗa da yaran Gana, ya nuna lafiyayyun yara suna fara zama su kaɗai tsakanin wata huɗu da wata tara, tafiya kuma tsakanin wata takwas da wata 18. Tazarar tana da faɗi. Gwajin da za ka yi a gida shi ne ka sa mata hular, ka zaunar da ita, ka ga ko za ta jima a miƙe ba tare da kan ya rinjaye ta gaba ko gefe ba. Bakwaini, ko yaron da ya yi fama da tamowa ko doguwar jinya, a ƙara masa lokaci, a kuma tambayi ma'aikacin lafiyar da ya san shi.

Tafiyar Juma'ar nan ita ta fi tayar mini da hankali. Mutum huɗu a kan keken da aka yi birkinsa don mutum ɗaya. Maiɗakinka tana zaune a karkace a kan kariya, ba abin da ya tokare ta, jaririyar kuma ita ce a can ƙarshen waje. Idan keken ya zame a rairayi ko ka kauce wa akuya, uwar za ta faɗi ne ta baya, wato kan jaririyar ne zai fara isa ƙasa, nauyin uwar ya biyo. Majanyi yana hana yaro suɓucewa, amma ba ya tare ƙasa. Na roƙe ka a daina wannan daga wannan makon. Ita da jaririyar su shiga mota ko A Daidaita Sahu, in kuma gidan ba nisa, ku taka tare kana tura keken.

Maganar Hajiya kuma, gaskiya ta faɗa a kan abin da idonta ya gani, Allah ya tsare ku. Amma hanyar da aka ɗauke ku a kanta ba ita ce ta yau ba, baburan da ke bisa titi yanzu ba su a wancan zamani. Ka yi mata bayani da ladabi, na tabbata ba wanda ya fi kaka son jika ya dawo gida lafiya.

Yayan nata ya isa a ɗauke shi, amma ba yadda kake yi ba. Wani raunin da ke yawan kawo yara masu shekarunsa asibiti daga hawan keke shi ne ƙafa da ke shiga cikin wayoyin taya. Yaro yana zaune a kariya ƙafafunsa na reto, ya gaji ko ya yi gyangyaɗi, diddige ya faɗa tsakanin wayoyin da ƙarfen keken, uba kuma bai sani ba ya ƙara taka feda sau ɗaya ko biyu kafin ihun ya iso kunnensa. Mugun halin wannan rauni shi ne yaudara. A ranar farko sai ka ga ɗan kurjewa da kumburi, a ce ba komai. Bayan kwana biyu zuwa uku fatar da aka murje, wadda jini ya daina kai mata, ta yi baƙi ta mutu, ta bar gyambon da kan ɗauki makonni. Wani lokaci jijiyar agara ce ke yankewa, wani lokaci ƙashin ƙwauri ne ya tsage ba a gani daga waje. Idan kuwa a ƙarfen gaba yake, ƙafar ta shiga tayar gaba, tayar tana tsayawa cak, ku duka ku wuntsila ta kan keken.

In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti a ranar, ko da raunin ya yi kama da ƙarami. Kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki. Idan yaro ya ƙi taka ƙafar, a nemi a ɗauki hoton ƙashin kafin a yi zancen ɗori, a kuma koma a sake duba fatar bayan kwana biyu. A tafi da katin rigakafinsa, domin alluran mako shida da goma da 14 su ne ke ɗauke da kariya daga cutar sarƙe-haƙora.

Maganin duk wannan shi ne kujera. Kujerar yara ta keke tana da majingina mai tsawo har kai, da bango a gefe biyu, da ɗamara mai sauka ta kafaɗu ta ɗaure a tsakanin ƙafafu, da mataki mai maɗauri ga kowace ƙafa. Waɗanda aka ƙera bisa ƙa'idar Turai suna ɗauke da lamba EN 14344. Ta gaba tana ɗaukar yaro har kilo 15, ta baya har kilo 22. Ga hanyoyinmu na fi son ta baya, don ba ta hana ka juya kan keke. Akan same su a wurin masu kayan gwanjo. Ka duba kada robar ta tsage, ɗamarar kuma tana kamawa. In ba ka samu ba, mai walda zai iya haɗa maka kujera a kan kariya. Ba za ta kai wadda aka gwada a masana'anta ba, amma ta fi zaman kariya tsirara nesa ba kusa ba, muddin ya yi mata majingina da gefuna da mataki, ya goge duk bakin ƙarfe mai kaifi, aka shimfiɗa soso, aka sa ɗamara. Abin da ba zan yi sassauci a kai ba shi ne rufe tayar baya: a yanko roba mai kauri daga tsohuwar jarka, a ɗaure gam a gefe biyu, daga kariya zuwa ƙasan inda ƙafarsa za ta iya kaiwa. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi ne ke ceton diddige. A naɗe ƙarafan da ke ƙarƙashin sirdi saboda yatsu. Takalmi ya zama rufaffe, ba silifa ba, a kuma tattare bakin jallabiya ko gyale.

Hular kwano kuma, na san za a yi maka dariya a unguwa, ka daure. Wani babban nazari da masana a Ostireliya suka fitar a 2017, wanda ya tattara bincike 40, ya nuna hular tana rage raunin kai da kusan rabi, mummunan rauni kuma da kusan kashi biyu cikin uku. A saya ta keke daidai kansa, mara nauyi. Ta babur ta manya ta yi wa wuyansa yawa. Ta zauna daidai, faɗin yatsa biyu sama da gira, igiyoyin su haɗu a ƙarƙashin kunne, yatsa ɗaya kawai ya iya shiga tsakanin igiya da haɓa. Da ya sauka a cire masa, domin igiyar na iya maƙalewa idan ya hau bishiya ko katanga. Kai ma ka sa taka, yaro abin da ya ga uba na yi shi yake yarda da shi. Duk ranar da ya bugu a ka, ya yi ta amai, ko barci mai nauyi ya kama shi, ko ya suma, ko ya yi jijjiga, ko ruwa ko jini ya fito ta kunne, asibiti kai tsaye.

Kafin ka ɗora shi, ɗaura buhun hatsi mai nauyinsa a kujerar ka zaga unguwa, ka ji yadda keken ke rinjaya da yadda birki ke ƙara nisa. Kada ka taɓa kafe keke ka bar shi a kai, ko na shiga shago ne. Yaro kan faɗi daga kujera ko keke yana tsaye. Ku fita da safe ko da la'asar sakaliya, ban da tsakar ranar bazara, ban da dare, kuma ka zaɓi lungu ko da ya fi nisa.

Sai batun nasa keken, wanda shi ne ɓangaren da ke faranta mini rai. Kada ka sayi mai ƙananan tayoyin gefe. Abin da ke da wuya a keke ba taka feda ba ne, riƙe jiki ne kada a faɗi, tayoyin gefen kuwa su ke yi wa yaro wannan aikin, har su saba masa jingina ta ɓangaren da bai kamata ba a kwana. Ranar da aka cire su sai ya koma farko, ga tsoro ya ƙaru. Abin da ya dace da ɗan shekara biyu da rabi shi ne keke mara feda, wanda yaro ke zama ya tura da ƙafafunsa. Ba sabon abu ba ne. Keken farko da Bajamushe Karl Drais ya ƙera a 1817 haka yake, ba feda. Ba sai ka nemi na musamman ba. Sayi ƙarami mai taya inci 12, mafi rashin nauyi da ka samu, ka kai wa mai gyara ya cire tayoyin gefe da fedojin. In da kanka za ka cire, ka tuna fedar hagu ta saɓa wa sauran noti, ta dama ake juya ta kafin ta kwance. A sauke sirdi har tafin ƙafafunsa biyu su zauna a ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe. Kada a sayi babba wai don ya girma da shi.

Daga nan aikinka kaɗan ne. Koyon keke kamar tatata ne, ba a yi wa yaro, sai dai a tsaya kusa. Zai fara tafiya da keken a tsakanin ƙafafunsa bai ma zauna ba, ka ƙyale shi. Sai ya zauna yana takawa, sai ya fara gudu, wata rana ka ga ya ɗage ƙafa biyu yana shuuu. Kada ka riƙe kan keken, don da nan yake jin yadda zai gyara kansa. In ya ji tsoro, dafa bayansa ko kafaɗarsa. Minti goma zuwa 15 sun isa, a tsakar gida ko filin makaranta bayan an tashi, wuri mai tauri, nesa da kwata da rijiya da murhu, a share tsidau. In ya ce ya gaji, an gama na yau. In ya faɗi, kada a yi masa tsawa, kada kuma yayye su yi masa dariya.

Lokacin mayar da feda shi ne sa'ad da yake iya tafiya mai ɗan nisa ƙafa a sama, yana kwana, yana kuma tsayawa inda ka ce ya tsaya. Ga yara da yawa wannan na zuwa tsakanin shekara uku zuwa biyar. Koya masa birki kafin feda. Titi kuwa ba nasa ba ne tukuna: yaro ba ya iya auna gudun mota da nisanta yadda ya kamata sai wajen shekara goma, don haka ko ya gwanance, aiken shago a keke ya jira, hawansa ya tsaya cikin gida da fili, idon babba na kansa.