Wani ya ce in biya shi ya dawo da maƙalar da aka goge

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta maƙala a Wikipedia ta Turanci a kan wani malaminmu, aka liƙa mata alamar gogewa, bayan mako guda ta ɓace. Yanzu wani ya turo mini saƙo wai shi admin ne, in na biya zai dawo da ita ya kuma kulle ta. Hankalina ya tashi, don na riga na shaida wa iyalan malamin. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ko sisin kwabo kada ka ba shi.

Mako gudan nan da ka ambata, da alama muhawarar gogewa ce, wadda ake barinta aƙalla kwana 7 a buɗe. In ita ce, tana nan har yanzu, je ka karanta. Galibi madogara ce matsalar: ana neman jaridu ko littattafan da suka yi bayanin mutum sosai, kuma ba shi da hannu a cikinsu. Shafinsa na Facebook da yabon almajirai ba sa shiga lissafi. In ka samo madogara, roƙi admin ɗin da ya rufe muhawarar, a shafinsa na tattaunawa, ya mayar maka da rubutun a matsayin daftari. Kyauta ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutane suka ɗauka admin mai gida ne, yana da shafukan sayarwa. Kullum sai na ji wannan magana. Admin ɗan sa-kai ne kamarka, editoci ne suka amince masa da wasu maɓallai: gogewa, kullewa, toshewa. Duk maɓallin da ya taɓa, sai ya fito a rajistar da kowa ke iya dubawa, da sunansa da lokacin. To ta yaya zai dawo da abin da jama'a suka yanke a goge, ba a gani ba? Kullewar ma da yake tallata maka, ɓarna da rigimar gyara take tarewa, ba ta hana a sake gogewa.

Kuma dabarar tsohuwa ce. A 2015 an toshe asusu 381 a binciken da aka kira Orangemoody. 'Yan damfarar kan bi rubutun da aka ƙi karɓa, su tuntuɓi mai shi, su karɓi kuɗi su wallafa, daga baya su dawo neman kuɗin "kariya" duk wata. Tun 2014 sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, suka wajabta wa mai gyara don kuɗi ya bayyana wanda ya biya shi. Naka ya ce zai bayyana? In asiri ya tonu, a goge maƙalar, wataƙila a toshe ka tare da shi, kuma in an yi ta maimaitawa a rufe sunan malamin yadda ba mai iya sake buɗe masa shafi sai da izini.

Adana saƙon nasa ka kai rahoto ga masu gudanarwa na Wikipedia. Iyalan malam kuwa, gaya musu ana tattara madogara tukuna.