Ku Tambaya Mu Amsa: Jiya kyauta, yau wai sai na biya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina saida turaren wuta da humra daga cikin gida kuma duk tallana a waya nake yi. Akwai wata manhaja da nake haɗa hotuna da ɗan bidiyo da ita kusan shekara biyu kenan ban taɓa biyan ko sisi ba in banda data, toh kwanan nan na shiga sai naga irin rubutun da nake sawa da abin goge bayan hoto duk an garƙame su wai sai na dinga biya duk wata, in ban biya ba kuma tambarinsu ne zai fito ɓaro-ɓaro a kan kwalbar humrata. Ƙanina yace in bashi wayar ya kai kasuwa a sa min ta kirak, wato wadda aka ɓalle wa kwaɗo ake amfani da ita ba biya. Dan Allah wannan ba yaudara bace? Kuma me kake ganin ya kamata inyi? Daga wata 'yar uwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa ya kawo masu saye. Wallahi nasan abin da ciwo, mutum ya saba da abu hannunsa ya faɗa, rana ɗaya a tare masa ƙofa.

Amma bari in fara da sana'arki. In baƙuwa ta shigo ɗakinki ai kina ɗauko kasko ki zuba garwashi ki ɗan barbaɗa turaren taji ƙamshi, ba kya ce mata ta biya kuɗin hayaƙin, kuma ke kinsan ba sadaka kikayi ba, so kike ta tafi da kwalba biyu. Toh mafi yawan abin da ake ce mana kyauta a intanet wannan hayaƙin ne. Banza bata kai zomo kasuwa. Duk hoton da kika haɗa akwai wasu manyan kwamfutoci a wata ƙasa da suke aikin, suna shan wuta dare da rana, ga ma'aikata da ake biya albashi, dole wani ne yake ɗauke da wannan nauyin ko da ba ke bace.

Wani lokacin mai talla ne yake biya, kamar Facebook da YouTube, ke kuma idonki da lokacinki ne kuɗin. Wani lokacin 'yan tsirarun da suka sayi babban tsari ne suke riƙe da sauran jama'a, haka Canva na haɗa hotuna yake, haka Zoom da zai barki kiyi taro kyauta amma minti 40 na cika zai katse, haka Dropbox da yake bada wajen ajiya na giga 2 ya jira ranar da zai cika. Wanda yafi cizon mutane shine na ukun, kamfani ya karɓo kuɗin masu zuba jari ya buɗe komai a kyauta dan ya tara jama'a, in an taru an saba sai masu kuɗin su fara tambayar ina ribarsu, daga nan sai kiga kwaɗo yana bayyana ɗaya bayan ɗaya. Ina zaton irinsa kika haɗu dashi.

Yaudara ce? A wajen doka a'a, dan doguwar takardar nan da muke danna mata amincewa ba tare da mun karanta ba kusan kullum tana cewa suna iya canza tsari da farashi. Ni a nawa ganin kuma neman kuɗi ba laifi bane, ke ma ba kya son a cinye miki jari. Inda nake ganin laifi shine yadda ake yi. Ki duba Google Photos, tun 2015 suke bari a loda hotuna ba iyaka, da zasu daina sai suka sanar tun a Nuwamban 2020 cewa daga 1 ga Yunin 2021 sabbin hotuna zasu fara cin giga 15 ɗin da suke bawa kowa, tsofaffin kuma ba'a lissafa dasu ba. Mutane sunyi ƙorafi amma dai an basu wata shida da ɗoriya su shirya. Shi kuwa Evernote, na ajiye rubuce-rubuce, a ƙarshen 2023 ya mayar da na kyauta rubutu 50 kacal, mutanen da suka shekara goma suna tara dubban rubuce-rubuce a ciki suka wayi gari basa iya ƙara sabo sai sun biya. Wannan ne bana so, a bari ka gina ɗaki a fili sannan a zo maka da maganar haya. Kuma ba kullum abin yake tafiya ta wannan hanyar ba, WhatsApp da kike talla a kai a da dala ɗaya yake karɓa duk shekara, Facebook ya saye shi a 2014, a farkon 2016 aka soke kuɗin gaba ɗaya, yanzu wajen manyan kamfanonin da suke tura wa kwastomominsu saƙo yake nema.

Mu nan kuma muna da namu ciwon na daban, dala. Abin dala 20 a wata, kamar yadda ChatGPT ya sa wa babban tsarinsa a 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati naira dubu 9 da 'yan kai ne, bayan an saki naira a Yunin 2023 har dala ta haura 1,500 sai ya koma dubu 30, kamfanin bai ƙara ko kwabo ba amma mu an ninka mana sau uku. Ga harajin kashi 7.5 da ake ɗorawa, ga shekarun da bankuna suka toshe katin naira daga sayayya a waje. Shi yasa bana saurin zagin wanda ya koma kirak, nasan abin da ya kaishi.

Amma ke Hajiya kar ki bada wayar nan. Wayar da alat ɗinki yake shigowa, manhajar bankinki tana ciki, lambobin kwastomominki da hotunan iyalinki suna ciki, sai ki ɗora mata abin da wani wanda baki sani ba ya farke ya sake ɗinkewa? Shi ma ba dan Allah yayi ba, wasu suna cusa abin satar lambobin sirri ko na karanta saƙonni a ciki, kuma shi yaron da zai sa miki a kasuwa bai san me ke ciki ba, shi ma sauko da ita yayi daga intanet. Ga batun haƙƙin mutane, wanda hukuncinsa na malamai ne, amma ni zuciyata bata kwanta da neman halak da kayan aikin da aka ɓalle wa kwaɗo ba.

Abin da zakiyi, ɗauko biro ki duba kuɗin watan ki raba da ribar kwalba ɗaya. In kwalba biyu ko uku zasu biya kuma kin tabbata tallan yana kawo miki fiye da haka, toh ki biya ranki fes, kayan aiki ne kamar kwalabe da sitika. Ki fara da wata ɗaya, kar ki yarda da na shekara komai rangwamen sai kin gwada. Akwai ma dabara, ki biya wata guda ki zauna ki haɗa tallan wata uku ki sauke su duka sannan ki dakatar. In kuma lissafin bai fita ba, kyalle fari mai tsafta da hasken safiya a bakin taga zasu raba ki da buƙatar goge bayan hoto, Snapseed kyauta ne kuma baya manna tambari, in kina da kwamfuta akwai GIMP da Inkscape na gyaran hoto da zane waɗanda 'yan sa-kai suke ginawa kuma kowa yana da damar ɗauka, irin gidan su VLC ne da kike kallon bidiyo dashi.

Kuma dan Allah ko kin biya ko baki biya ba, yau ɗin nan ki sauke tambarin kasuwarki da duk tsofaffin dizain ɗinki ki ajiye a waya da memori ko filash, ki rubuta sunan rubutun da kalolin da kike amfani dasu a littafi. Ranar da suka sake canza tsari sai ki kwashi kayanki ki koma wani wajen ba tare da kin fara daga farko ba.

TAMBAYA: Malam na danna gwajin kyauta na kwana bakwai a wata manhaja, na goge ta tun tuni amma duk wata sai an cire min kuɗi. Ya zanyi? Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Ɗan uwa goge manhaja baya soke yarjejeniyar biya, nan mutane da yawa suke faɗawa. Tunda ka saka katinka, ranar da gwajin ya ƙare suka fara cira kuma bazasu daina ba sai ka dakatar da kanka. In Android ce ka buɗe Play Store ka taɓa hotonka a sama, ka shiga wajen biyan kuɗi, zaka ga jerin duk abin da kake biya wata-wata, ka zaɓe ta ka soke. In iPhone ce ka shiga saitin ka taɓa sunanka, yana nan. In babu a can toh a shafinsu ka saka katin kai tsaye, ka shiga da imel ɗin da ka buɗe ka soke daga ciki, in sun ƙi kaje banki a toshe katin a baka sabo. Ka nemi su dawo maka da na watan ƙarshe, wani lokacin ana dacewa.