Amsar Gwaggo kan kwanan ƙawayen Ummi

Assalamu alaikum, 'yata Hauwa'u. Ina gajiya? Ya maigidan naki da yaran, ya kuma zafin Gombe? Mu nan Bauchi sai godiya.

Saƙonki ya iso tun shekaranjiya. Kin ce kishiyata Ummi ta cika shekara 12, ta tasa ki gaba sai kin bar ta ta gayyato ƙawayenta biyar su kwana a gidanku in an yi hutu, kamar yadda take ganin yaran Amurka na yi a waya. Kina tambaya ko abin yana da gurbi a al'adarmu, in kuma kin yarda, da me za su raba dare.

Sai da na yi dariya, don Ummi tana ganin sabon abu ta gano. Mu da muka tashi a Jahun, wane dare ne ba mu kwana mu shida ko bakwai a ɗakin Kaka ba? 'Ya'yan maƙwabta, 'ya'yan baffanni, duk wadda barci ya kama a nan za ta wayi gari, da asuba uwarta ta aiko a duba. In biki ya zo kuwa, 'yan matan amarya kwana suke tare tun daga ranar sa lalle har a kai ta. Na yi irin wannan kwana a Jekadafari lokacin bikin wata 'yar ɗakinmu, tun Gombe tana cikin jihar Bauchi, shekaru da dama kafin a raba a 1996. Don haka kwanan ba baƙo ba ne. Abin da ban sani ba shi ne a tara 'yan mata a ɗaki, a ja musu ƙofa, babba ya tafi ya yi barcinsa. Mu a namu kullum akwai tsohuwa a bakin ƙofa, kuma ba gadi kawai take yi ba, ita ce uwar wasan.

Kafin maganar wasa, ki fara da maigidanki. In ya amince, ki sa mayafinki ki je gidan kowace yarinya ki ga uwarta ido da ido. Kada ki bar yara su ɗaura magana a tsakaninsu a makaranta. Wadda uwarta ta ce a'a, kada ki ji haushi, ki ce ta zo da la'asar a mayar da ita bayan isha'i. Yayyen Ummi maza su koma ɗakin zaure ko gidan baffansu a wannan dare. Sannan kowace yarinya da shimfiɗarta da abin rufarta, ko tabarma ce. Kin san hadisin da ya ce a umarci yara da salla suna da shekara 7, a raba musu wurin kwanciya suna da 10. Ɗaki ɗaya babu laifi, mayafi ɗaya ne ba a so.

To wasa. Ki tara su tun da sauran rana, don gaɗa da ƙarfin jiki ake yin ta. Su yi da'ira a tsakar gida suna tafi suna waƙa, ɗaya ta shiga tsakiya ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, sauran su tare ta su cilla ta sama ta dira. Yaran yanzu za su fara da jin kunya, ki shiga ki yi musu zagaye ɗaya, za ki ga yadda za su ɓarke. Ki dai share wurin, kada a yi kusa da rijiya ko turmi, don ni ina da tabo a gwiwa har yau saboda wata da ta tsaya dariya ta manta da tara. In sun gaji, ga 'yar gala-gala, da gawayi ake zana gidajenta a siminti. Ga carafke, wadda ba ta bukatar komai sai tsakuwa masu santsi: ki wulla ɗaya sama, ki kwashi na ƙasa, ki cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Yarinyar da ta iya carafke, ki lura da hannunta ranar da za ta fara tuya.

Da magariba kowa ta yi alwala a yi salla. Abinci kada ki wahalar da kanki. Ɗanwake ya isa, su da kansu za su jefa, ke ki tsaya kan tukunyar. Ko ki dama musu ƙullin alawar madara su yanka, kowa ta ƙulle nata a leda ta kai wa ƙannenta tsaraba. Zoɓo ko kunun aya, amma a sha da wuri, kin san dalili.

Bayan isha'i sai lalle da kitso, a nan ne hira take daɗi. Ki sayo jan lalle na gargajiya, ki kwaɓa da kanki, su yanka salatif su fitar da zanen da suke so. Baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi ki nisanta shi daga 'ya'yan mutane, yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje ta ɗuri ruwa, kuma ba ki san wace ce jikinta ba ya so ba. Jan farce na kwalba da suke gani a waya shi ma ki bar shi, yana hana ruwan alwala taɓa farce, lalle kuwa ba ya hanawa.

Inda nake so ki ba da ƙarfi shi ne lokacin da hannuwa ke ɗaure da lalle, ba mai iya taɓa komai. Wannan ne lokacin baki. A fara da kacici-kacici. Ki ce “ƙulin ƙulifita”, ki ga ko akwai wadda za ta ce “gauta”. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Baba na ɗaka gemunsa na waje, wuta da hayaƙi. Rawanin baba ya faskara naɗuwa, hanya. Daɗin abin ba a amsar yake ba, yana wurin ba da gari. Wadda ta kasa sai ta ba ki gari kafin ki faɗa mata, ke kuma ki yi ta yanga. Kaka ba ta karɓar ƙaramin gari. Mu ce mun ba ta Darazo, ta ce ta je jiya. Mu ce Misau, ta ce ƙafarta na ciwo. Azare, ta taɓe baki. Sai mun kai ta Kano ko Makka sannan ta gyara zama, ta ba mu labarin yadda ta shiga garin a kan doki da abin da ta ci, kafin ta saki amsar. A haka muka san sunayen garuruwa tun ba mu taɓa wuce Ƙofar Wunti ba.

Daga nan a shiga karya harshe, a ga wadda za ta maimaita zancen ƙato da ƙwaɗo da ƙoto sau uku ba ta yi tuntuɓe ba. Ki koya musu zaurance ma, ai kin iya: “zo mu tafi” ta koma “zodo mudu tadafidi”. Za su yi sati suna damun ki da shi, wannan kuma ke kika jawo.

Tatsuniya ita ce ta ƙarshe, in an kashe fitila. “Ga ta nan ga ta nanku.” “Ta zo mu ji ta.” Mu an hana mu yin ta da rana, wai mai yi ɓata zai yi, ashe dabara ce don kada aiki ya tsaya. Ki ba su ta Gizo da Ƙoƙi, su ma kowa ta kawo tata, ko ta ƙirƙira. Ta dodanni da aljanu ki rage, akwai yarinyar da ba ta taɓa kwana nesa da uwarta ba.

Akwai wasa ɗaya da na ji jikokina na nan suna yi, wai ko ki faɗi gaskiya ko ki aikata abin da aka sa ki. Wannan ban yarda da shi ba. Yarinya za ta faɗi sirrinta da na gidansu cikin dare don kada a ce mata matsoraciya, ranar Litinin ta tarar da shi a bakin 'yan aji. Dukan juna da matashin kai kuwa, in matasan kai na gidanki suna da ƙwari, su yi ta yi. Wayoyi ki karɓe su tun da magariba ki zuba a kwano, bayan kowa ta gaida uwarta. Kada a ɗauki hoton 'yar kowa da kayan barci.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke ɓata biki. A ɗaura gidan sauro. Janareta ya yi nesa da taga, hayaƙinsa yana kisa cikin barci ba a ji ba, haka ma garwashi a rufaffen ɗaki. Ki ajiye audugar mata da zane na daban a inda hannunki zai kai, don a shekarun nan ne al'ada ke zuwa wa yarinya ba sallama, wata kuma har yanzu takan yi fitsarin kwance. In hakan ta faru, ki tashe ta a hankali ki gyara, kada ko Ummi ta sani. Kafin su kwanta su karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, su shafa. Da asuba ki tashe su salla ko da ƙarfe ɗaya suka yi barci, sai a karya da masa da kunun gyaɗa, a mayar da kowa gidansu kafin azahar, a hannun babba.

Kin ce ke ba ki iya tatsuniya ba, duk kin manta. To ki sa ranar ta zama Juma'a, zan shiga motar safe in iso kafin a sauko daga masallaci. Ki shimfiɗa min tabarmata a bakin ƙofa. Ki gaida maigida, ki kuma gaya wa kishiyata ta fara tanadin garuruwa, don ni ko Dukku ta ba ni ba zan karɓa ba.

Gwaggonki.