Tambaya da Amsa: Yaya osiloskof na dijital yake kama siginar da ta riga ta wuce?

Tambaya: Ni mai gyaran inbata ne a Kaduna. Tsohon osiloskof (na'urar da ke nuna siginar wuta a allo) mai kwalbar gilashi da na koyi aiki da shi ba ya nuna tsallen wuta da ke zuwa sau ɗaya ya ɓace, amma na dijital yana tsayar da shi cak a allo. Ina sirrin yake?

Amsa: Malam, sirrin yana wurin ajiya. Tsohon yana zana siginar kai tsaye a gilashi, da ta wuce hoton ya dushe. Na dijital kuwa auna ta yake yi. Akwai wani sashe a cikinsa da ake kira ADC, wanda ke ɗaukar ƙarfin wutar daki-daki yana mayar da shi lamba. A yawancin na'urori masu bit 8, kowane awo yana faɗawa ne a ɗaya daga matakai 256. Lambobin nan suna shiga ma'adana ba tsayawa, sabo yana share tsoho, har sai tiriga, wato sashen da ke tsayar da ajiyar, ta ga abin da ka ce ta jira. Shi ya sa kake iya ganin har abin da ya faru kafin tsallen, wanda sau da yawa nan ne laifin yake ɓuya.

Sai dai kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Ɗauki na'urar osiloskof ta Rigol DS1054Z: tana iya awo biliyan 1 a daƙiƙa, ma'adanarta kuma, kamar yadda na'urar ta fara fitowa, tana ɗaukar awo miliyan 12. Idan ka raba, milisakan 12 kawai za ta riƙe a wannan saurin, alhali zagaye ɗaya na wutarmu mai 50 Hz milisakan 20 ne. To, da zarar ka faɗaɗa lokaci don ka ga zagaye da yawa, na'urar da kanta za ta rage saurin awo, ba tare da ta yi maka sallama ba. Siririn tsalle sai ya sulale tsakanin awo biyu. Mafi muni, idan saurin awo bai zarce ninki biyu na saurin siginar ba, kamar yadda ƙa'idar Nyquist ta tanada, allon zai nuna maka igiyar da babu ita sam.

Ni a ganina, zurfin ma'adana ya fi komai amfani ga mai gyaran inbata. Ka riƙa duba saurin awon da aka rubuta a allo duk lokacin da ka murɗa maɓallin lokaci. In siririn tsalle kake farauta, saka tiriga ta kama sau ɗaya ta tsaya.