Hukuncin cin abinci a gidan abincin 'yan Hindu da ba a dafa nama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina birnin Chennai na Indiya, na rako mahaifina da za a yi wa dashen ƙoda, likitoci sun ce za mu yi kamar wata uku. Don gudun naman da ban san yankansa ba, kullum ina cin abinci a wani gida kusa da masaukinmu inda ba a dafa nama ko kifi ko ƙwai, irin waɗanda ake rubuta wa "Pure Veg". Masu gidan 'yan Hindu ne, akwai ɗan gunkinsu kusa da wurin biyan kuɗi, da furanni da turaren wuta. Ran Juma'a mai gidan yakan miƙo min 'yar alawa daga farantin da ke gaban gunkin, sai in ji nauyinsa in karɓa. Wani abokina ya ce duk abincin haram ne domin mushrikai najasa ne. Ina matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba mahaifinka lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya yi maka albarka.

Ɗana, abincin da kake saye halal ne, ci abinka. Alawar da ake ɗauko maka daga gaban gunki kuwa, daga yau ka daina karɓa. Ka damu da maganar abokinka, alhali abin da ya kamata ya dame ka shi ne alawar nan da ka ambata kamar ba komai ba.

Gudun naman da ka yi daidai ne. 'Yan Hindu ba Ahlul Kitabi ba ne, yankansu ba ya halatta, babu saɓani. Abin da ba ya bukatar yanka kuwa, shinkafa da wake da ganye da madara, addinin mai dafawa ba ya haramta shi. Imam Ƙurɗubi a tafsirin aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ya ce babu laifi a ci abincin masu bautar gumaka muddin ba yankansu ba ne, sai dai ya toge cuku saboda ana daskarar da shi da wani abu daga cikin dabbar da ba a yanka ba. Wannan togiyar ba ta shafi farin cukun Indiya da ake kira paneer ba, domin shi da ruwan lemun tsami ko wani abu mai tsami ake tsinka madararsa. Idli da dosa, wato irin wainar shinkafarsu, da ake barin kullunsu ya kwana ya tashi su ma babu komai, tashin kullun waina ne, ba wanda ya taɓa buguwa da shi.

Maganar abokinka tana da asali, ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Ibn Hazm, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya ɗauki aya ta 28 ta Suratut Tauba, wadda ta ce mushrikai najasa ne, a kan zahirinta, ya ce jikin kafiri najasa ne, da yawunsa da guminsa. An kuma ruwaito daga Hasanul Basri cewa wanda ya yi musafaha da mushriki ya yi alwala. Amma mazhabobin nan huɗu ba a kan haka suke ba, kuma hujja tana tare da su.

Ayar da kanta ta faɗi abin da ya biyo bayan wannan siffa: kada su kusanci Masallaci Mai Alfarma bayan shekararsu wannan. Ba ta ce a wanke hannu ko kwano ba. Ƙazantar shirka ake nufi, wadda take a zuciya. Allah Ya kira caca da kibiyoyin ƙuri'a ƙazanta a Suratul Ma'ida, shin ka taɓa jin an ce wanda ya taɓa kibiyar ƙuri'a ya wanke hannunsa kafin salla?

Sannan ga aikin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A hadisin Imrana bin Husaini da ke Bukhari da Muslim, ruwa ya yanke wa Sahabbai a tafiya, aka zo da wata mace mushrika da salkunanta biyu. Daga ruwan nan mutane suka sha suka shayar, aka ba wani mai janaba ya yi wanka. Ita ta cika salkunan da hannunta, ita ke ɗauke da su. An kuma ɗaure Sumamatu bin Usal yana mushriki a jikin ginshiƙin masallacin Madina har kwana uku. In wani ya ce duk wannan kafin saukar ayar ne a shekara ta 9, sai mu ce to bayanta fa? Sahabbai sun buɗe Iraƙi da Farisa, sun zauna cikin Majusawa masu bautar wuta shekara da shekaru, suna sayen hatsinsu da tufafinsu. Da najasa ce ta jiki, da umarnin wankewa ya shahara kamar yadda hukuncin fitsari ya shahara. Shi kansa Hasanul Basri, Bukhari ya kawo cewa bai ga laifin tufafin da Bamajushe ya saƙa ba.

Masu wannan ra'ayi sukan kawo hadisin Abu Sa'alaba, inda aka ce kada a ci a kwanukan Ahlul Kitabi in an sami wasu, in ba a samu ba a wanke. Ruwayar Abu Dawud ta bayyana dalili: suna dafa alade a tukwanensu, suna shan giya a kofunansu. To kai gidan da kake zuwa ko ƙwai ba ya shiga tukunyarsu, dalilin hanin ma babu shi. Haka abin da aka ruwaito daga Imam Malik na ƙin alwala da ragowar ruwan Banasare, malamanmu sun ɗauke shi a kan karhanci saboda mu'amala da giya da najasa. Ƙa'idar mazhabarmu tana nan a Muhtasar na Shehu Halil: duk mai rai tsarkakakke ne, da hawayensa da guminsa da yawunsa. Ka gaya wa abokinka wannan cikin ladabi. Ka kuma tuna masa cewa haramta wa baƙo mai jinya abincin da Allah Ya halatta masa abu ne mai nauyi.

Ita alawar, sunanta prasad a wurinsu. Ana ajiye ta gaban gunki a yi mata addu'o'i da nufin abin bautar ya karɓa, sannan a raba wa mutane a matsayin albarkarsa. Mai gidan yana nufinka da alheri a fahimtarsa, amma abin da yake miƙo maka ƙarshen ibadarsa ne, karɓarka kuwa shiga ciki ne. Gaskiya ne ayar "abin da aka ambaci sunan wanin Allah a kansa" asalinta yanka ne, sai dai dalilin hanin, wato neman kusanci ga wanin Allah da abinci, yana nan cikakke a farantin nan. Abin da nake ba da fatawa da shi shi ne bai halatta ka ci ba tunda ka san daga inda aka ɗauko. Wanda ya wuce ka yi istigfari, babu kaffara. Wannan daban yake da alawar kanti da maƙwabci zai kawo maka lokacin bikinsu na Diwali. An tambayi Nana A'isha game da kyautar Majusawa ranar idinsu, ta ce kada a ci abin da aka yanka don ranar, amma a ci 'ya'yan itatuwansu.

Saboda haka ka guji gidajen abincin da ke jikin wuraren bautarsu, da na ƙungiyar Hare Krishna da ake kira Govinda's, domin su da bakinsu suna faɗin cewa duk girkinsu sai an miƙa wa abin bautarsu. Gidan abinci na kasuwa kuwa ba a ɗora maka shiga madafa kana bincike ba. A Muwaɗɗa, Amru bin Asi ya tambayi mai tafki ko namun daji na sha a ciki, Sayyidina Umar ya ce wa mai tafkin kada ya ba su labari.

In mai gidan ya miƙo maka alawar, ka dafa ƙirji ka yi masa godiya, ka ce addininka bai yarda ba. Musulmi sun fi miliyan 170 a Indiya a ƙidayar 2011, ba yau ya fara jin wannan amsa ba. Haka in ya zo shafa maka jan gari ko toka a goshi. Kada ka yi wa gunkin ba'a, kada ka ɗauki hotonsa ka tura gida ana dariya, Allah Ya hana zagin abin bautarsu a Suratul An'am. Kasancewarsa a wurin bai haramta abincin ba. Ka zauna nesa da shi, in ka sa an ƙunshe maka ka tafi masauki ya fi, ka kuma fi kusa da majinyacinka.

Koren ɗigon nan da ke cikin koren akwati a jikin kayan abinci yana nufin babu nama ne kawai, bai ce babu giya ba. Ka karanta jikin kek da cakulan, kuma kada ka zauna teburin da ake shan giya a manyan otal. In tafiya ta kai ka arewacin ƙasar, wajen Varanasi ko Rajasthan, akwai nonon sha da ake dama shi da ganyen wiwi, ana ce masa bhang lassi, musamman lokacin bikin Holi. Haram ne. In ka yi marmarin nama, ka je unguwar Triplicane a nan Chennai, akwai babban masallacin da aka gina a 1795 da gidajen abincin Musulmi kewaye da shi, ka haɗa da Juma'a.

Abin da na ce halal ne, a kanka nake magana. Mahaifinka kada ka kai masa komai daga waje sai da izinin likitansa, domin abincin nan akwai gishiri da kwakwa da wake da yawa, mai ciwon ƙoda kuwa ana auna masa su, bayan dashe kuma ɗanyen abu kaɗan kan jawo masa cuta. Ba ka tambaya ba, amma tunda kun yi niyyar zaman wata uku, kai ba matafiyi ba ne, ka cika sallarka raka'a huɗu. Shi kuma Baba ya yi ta yadda ya iya, a zaune ko a kwance, da taimama in ruwa zai cutar da shi, kuma kai za ka riƙa tuna masa lokaci.

Wallahu a'alam.