Sikana ko IRM: wane hoto za mu yi wa Inna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan Innarmu tana jinyar sankarar mama. Kwanan nan ciwon kai ya matsa mata, musamman da asuba, har da amai. Likita ya rubuta hoton IRM (wato MRI) na kai, amma kawunmu ya ce sikana (wato CT scan) ta fi araha, kuma ai duk hoto ne. Wanne za mu biya? Daga wata ƴar'uwa, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. Kawu ya yi mini haƙuri, a nan ban bi bayansa ba.

Sankarar mama da ta huhu suna kan gaba wajen kai rassa cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa likita bai ɗauki wannan ciwon kan da wasa ba. Sikana da hasken X, irin na hoton ƙashi, take aiki, cikin mintoci kaɗan an gama, tana kuma nuna zubar jini ko babban kumburi. Sai dai ƙananan ƙurajen sankara sukan ɓace mata, musamman na wajen ƙeya, inda ƙashi ke dagula hoto. IRM kuwa maganaɗisu ce, in aka haɗa ta da allurar gadoliniyam, maganin da ke ƙara fito da hoto sarai, tana fito da ƙurjin da bai wuce ƙwayar dawa ba. To kin ga, ko sikana ta ce babu komai, hankali bai kwanta ba, sai kun sake biyan IRM. Araha ke nan ba ta ado.

Ko da tafiya Yamai za ta kama, kilomita sama da 600, ku daure. Can ne ma cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa take, wadda ta fara gashin sankara da haske a 2021. Kafin ku biya, ku tabbatar da allurar tana cikin kuɗin, ku riƙe takardar awon ƙoda saboda allurar, da tsofaffin hotuna. A cire ɗan kunne da duk wani ƙarfe, in akwai na'ura a jikinta a faɗa tun farko. A gaya wa Inna injin yana da ƙara, za ta kwanta kamar rabin awa ba motsi.

Amma in ta suma, ko ta yi farfaɗiya, ko ɓari ɗaya ya shanye, kada ku jira IRM. Ku garzaya asibiti mafi kusa a yi sikana nan take.