Me ya sa bandar kifi ke tauri da maƙaƙi idan ta kwana biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina saro bandar tarwaɗa daga Dadin Kowa ina sayarwa a cikin garin Gombe. Idan ta daɗe a shago sai ta yi ja-ja kamar tsatsa, ta yi tauri, a dafa ta ƙi laushi, ga maƙaƙi a wuya, alhali ba funfuna ba tsutsa. Me ke kawo haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Man da ke jikin kifin ne ya lalace, ya kuma juya ya ɓata tsokar.

Man kifi ba irin kitsen shanu ba ne mai daskarewa. Shi mai ruwa-ruwa ne, kuma irinsa ne iskar oksijin ta fi saurin kamawa. Da ta kama ƙwaya ɗaya, sai wannan ta harzuƙa ta kusa da ita, abu ya yi ta yaɗuwa kamar wutar daji a lokacin hunturu. Zafi da hasken rana da gishiri suna ƙara masa gudu, haka ma sinadarin ƙarfe da ke cikin jinin kifin kansa. Daga nan sai man ya farfashe zuwa ƙananan sinadarai da ake kira aldihaid. Wasunsu ne ke ba da warin da maƙaƙin.

Biyu daga cikinsu masana suka fi sa wa ido, MDA da HNE. Tsokar kifi furotin ce, furotin kuma jerin ƙananan sinadarai ne iri 20, ciki har da laisin. HNE yana manne wa laisin da wasu 'yan uwansa biyu, ya canja wa furotin siffa. MDA kuwa baki biyu gare shi: ya kama laisin a wannan silin furotin, ya kama wani a silin maƙwabci, ya ɗaure su tamau. Idan ɗaurin ya yi yawa sai tsoka ta ƙanƙame, ta kasa shan ruwa. Taurin ke nan, launin tsatsar ma daga wannan haɗuwa yake fitowa.

Abin da ya fi damuna shi ne laisin ɗin. Jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera shi, sai dai a ci, kuma gero da dawa da masara duk sun yi ƙarancinsa. Uwar da ta sa kifi a miyar kuka don yaranta, wannan giɓin take cikewa. Laisin da aka ɗaure kuwa hanji ba ya iya cin moriyarsa, domin ɗaya daga cikin sinadaran narkar da abinci a daidai wurinsa yake yanka furotin. An ci kifi, amma amfanin ya ragu.

Ba guba ba ce mai kayar da mutum nan take, sai dai wanda ya yi maƙaƙi sosai bai kamata a ba yara ba.

Dafuwa ba ta kwance wannan ɗauri, don haka rigakafi ne kawai. Ki zaɓi wadda ta sha hayaƙi sosai, don hayaƙin itace yana ɗauke da sinadaran da ke rage wa lalacewar sauri. Kada ki baza ta a rana kan faranti yini guda. Ki fito da ta ciniki, sauran ki rufe a inuwa, nesa da zafin kwano, bayan kin tabbatar ta bushe ƙarau. Ragar ƙarfen da ake ɗora kifi a kai, idan ta yi tsatsa a sauya ta. Masu shafa mata tsohon man suya don ta yi sheƙi kuwa su daina, domin wannan man ya riga ya cika da aldihaid. A watannin Maris da Afrilu ki riƙa saro kaɗan-kaɗan.